A Kawo Jarrabawar Babur Bakin Kasuwa

A Jabo da Dogon Daji da Sanyinna, da ƙauyukan da suka bazu daga Tambuwal har Kebbe, da wuya ka sami saurayin da ya kai shekara ashirin bai iya tuƙa babur ba. Da wuya kuma ka sami wanda aka taɓa tsayarwa aka gwada iyawar tasa kafin ya hau kwalta. Mun saba da wannan hali har ba ya ɗaga mana hankali. Babur shi ne motar asibitinmu, shi ke kai albasa kasuwa, shi ke kai malami makaranta, shi ke ɗauko ungozoma da tsakar dare. Amma abin da rayuwarmu ta rataya a kansa haka, yadda ake koyonsa mun bar wa yara su koya wa junansu.

Kowa ya san yadda ake yi. Bayan la'asar, a filin firamare ko a masussuka, ƙane yana gaba, wa yana baya ya miƙo hannuwa ta gefensa. "Riƙe kuloci. Taka giya. To, saki a hankali. A hankali na ce maka!" Babur ya yi tsalle ya mutu, yaran da ke kallo su bushe da dariya. A sake buga kik. Kafin magariba yaro ya fara zagaya filin da giya ɗaya, yana jan ƙafa a ƙasa. Kwana kaɗan sai a fara aikensa kai niƙa ko sayo mai a kwalba. Ranar da ya je ya dawo bai faɗi ba, shi ke nan, ya zama direba a wurin gidansu. Wasiyyar da wan nasa zai sallame shi da ita kuwa kusan ɗaya ce a ko'ina: "Ka kiyayi birkin gaba, shi ka kada mutum."

Ba raina wannan makaranta nake ba. Tana fitar da gwanaye na gaske. Ɗan kabu-kabun da ke ratsa rairayin hanyoyin Kebbe da rani, ya ɗaura buhu biyu a baya, ya ɗora wani a kan tanki, yana sarrafa totur da kuloci don kada taya ta nutse, ya san abin da mai lasisi na cikin birni bai sani ba. Haka wanda ke tsallaka fadama da damina, yana karanta launin laka ya gane inda za ta ɗauke shi da inda za ta riƙe shi. Na ga yadda ake ɗauko mai naƙuda, an sa ta tsakiya, wata tsohuwa ta tallabe ta daga baya, direba yana tafiya a hankali yana kauce wa kowane rami. Babu littafin da ya koya masa haka.

Matsalar tana farawa ne inda hanyar ƙauye ta haɗu da babban titi. Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal ya nufi Jega hanya ce ta tireloli da tankokin mai da motocin haya masu tsere da lokaci. Ilimin rairayi ba ya aiki a nan, wani wurin ma shi ke jawo halaka. A ɗauki maganar birkin gaba. A cikin yashi gaskiya ce, idan ka damƙe shi da ƙarfi tayar gaba za ta zame ka sha ƙasa. A kan busasshiyar kwalta kuwa, lokacin da babur ke tsayawa nauyinsa yana komawa gaba ne, saboda haka birkin gaba ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayarwa. Wanda ya taka na baya shi kaɗai, taya za ta ƙulle, babur ya yi ta jan ƙasa yana karkacewa har ya isa ga abin da yake gudu. Ka duba baburan da ke jere a bakin kowace kasuwa, ka matsa hannun birkin gaba. Da yawa za ka ji shi sakwaf, wayar ta tsinke tun bara, mai shi bai ga dalilin kai wa bakanike ba tunda dama ba ya amfani da shi.

Sai lissafin gudu, wanda ba a yin sa a filin firamare. Mai tafiya a kan kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin idonsa ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai ga birki, ya riga ya wuce tsawon gida guda bai fara tsayawa ba. Idan kuma ya ninka gudunsa biyu, nisan da birki ke buƙata ba biyu yake zama ba, huɗu yake zama. Ba wanda ya gaya masa cewa direban tirela ba ya ganin babur ɗin da ya manne a gefensa ko a gindin bayansa, ko cewa doguwar mota idan za ta sha kwana sai ta fara buɗewa ɗaya gefen, wanda ya kutsa cikin wannan sarari ya shiga tarko. Madubi kuwa, ranar da aka sayo sabon Bajaj ko TVS ake kwance su a jefa a ɗaki, wai na tsofaffi ne. Sai mutum ya fito daga lungu ya faɗa titi bai waiwaya ba, ya dogara da kunnensa. Da dare ga amalanken shanu a gaba ba fitila ba komai mai ƙyalli, ga hazon hunturu, ga fitilar babur ɗin kanta an ɗaure ta da roba tana haska sama.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba don mata yake samu. Dogon hijabi ko bakin zane ya sauka ya shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya, ya fizge mace ƙasa, sau da yawa da goyo a bayanta. Kalma ɗaya ce maganinsa kafin a tashi: "Inna, ku tattara hijabinku." Direban da aka koya wa zai faɗa ba tare da an tuna masa ba.

Inda ake ganin sakamakon duk wannan sananne ne. Mutanen yankin nan sun san hanyar Aliero, garin albasa da masu ɗori, sun san asibitin ƙashi na Wamakko, sun san Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙafa idan ta karye ana ɗora ta, mutum ya yi wata uku a kwance, gona ta lalace, a sayar da tumaki. Kai idan ya bugu da kwalta babu mai ɗori da zai karɓe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyar Afirka kuma ita ta fi kowa yawan mutuwa idan aka kwatanta da yawan jama'a. A Najeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun haura mutum dubu biyar a 2023, haka ma a 2024. Waɗannan su ne waɗanda jami'ai suka je suka rubuta. Wanda ya faɗi a hanyar ƙauye aka yi masa sutura kafin azahar ba ya shiga lissafin kowa.

To, ina doka? Tana nan a rubuce, ba ta kuma da laifi sosai. Lasisin babur shi ne rukunin A, ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙa'idojin zirga-zirga na 2012 sun wajabta hular kwano ga direba da wanda ya goya, sun kuma taƙaita goyo ga mutum ɗaya. Hukumomi uku ke da hannu a fitar da lasisi: jami'an duba ababen hawa da muke kira VIO su ke gwada mutum, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi ta miƙa kati, sai Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga. A farashin da aka sanar a 2025, lasisin babur na shekara uku naira dubu bakwai ne, na shekara biyar dubu goma sha ɗaya.

A takarda kuɗin ba su fi ƙarfin mai babur ba. Amma ka tsaya a matsayin ɗan kabu-kabun Jabo da ke biyan balas kullum ga mai babur. Cike fom a intanet, da Turanci. Biya a banki. Tafiya birni, daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita ɗari, da man da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya ninka ya sake ninkawa. A ce masa yau babu sabis, ya dawo jibi. A ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60, ya sake komawa neman katin. Kowace rana a cikin waɗannan ranar aiki ce da ta tafi, balas kuma yana nan yana jiransa. Mutum mai hankali zai yi lissafi ya ga abin da yake miƙawa a shinge lokaci-lokaci ya fi masa sauƙi. Wanda ya matsu da katin, don zai tafi wani gari aiki, sai ya nemi ɗan kamasho ya ba shi kuɗi da hoto, lasisi ya zo masa ba tare da ya juya babur a gaban kowa ba. Irin wannan lasisi laya ce ta tsallake shinge, ba ya shaidar cewa mai shi ya san komai.

Mun taɓa ganin abin da ke faruwa idan doka ta sauko wa mutane ba tare da an zauna da su ba. Ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa. Cikin 'yan kwanaki farashinta ya tashi, 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka suna ɗaurewa da igiya, labarin ya zaga duniya ana dariya. Fasinjoji suka ƙi sa hular da wani ya cire, wasu don ƙazanta, wasu don tsoron asiri. Aka kama babura, aka ci tara, bayan 'yan watanni kowa ya gaji aka koma gidan jiya. Mai ƙwarya a ka ya fahimci dokar sarai: abin da ake so shi ne jami'i ya ga wani abu a kansa. Ba wanda ya nuna masa abin da kwalta ke yi wa ƙoƙon kai.

Ɗaya makamin da gwamnatoci suka fi so shi ne hani. An kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja a 2006. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero. Legas ta yi nata a 2020 ta ƙara tsanantawa a 2022. A 2021 Zamfara da Katsina da Sakkwato suka sa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga, a Yulin 2022 ma har Majalisar Tsaro ta Ƙasa ta tattauna hana babur a ƙasar baki ɗaya. Birni yana iya jure wannan, tunda akwai adaidaita sahu da bas. Ƙauyen da mota ba ta shiga da damina fa? A can hana babur hana zuwa asibiti ne. Kuma duk waɗannan dokoki, ko ɗaya ba ta ƙara wa wani direba ilimin tuƙi ba. Sai dai ta tura shi wani garin. Samarinmu da ke tafiya cin rani Legas da Ibadan da gefen Abuja, da yawansu babur suke ja, da ilimin filin firamaren nan suke shiga tsakanin manyan motoci a titi mai layi huɗu.

Abin da nake gani shi ne a juya tafiyar. Maimakon dubban masu babur su nemi ofis a birni, ofis ya zo ya same su. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Hukumar zaɓe tana kai na'urar rajista har mazaɓu idan zaɓe ya ƙarato. Masu rigakafin shan inna sun shiga kowane gida a wannan yanki shekara da shekaru. Masu rajistar lambar ɗan ƙasa suna zama a ƙarƙashin rumfa da kwamfuta da ɗan janareto. Idan ana iya ɗaukar zanen yatsun mutum a ƙauyensu don ƙuri'arsa, ana iya ɗauka don lasisinsa. Jami'in VIO ɗaya, na kiyaye haɗurra ɗaya, na haraji ɗaya, a mota ɗaya, su bi ranakun kasuwa: yau Tambuwal, wani mako Jabo, na gaba Kebbe, a sanar a rediyo da masallatai tun da wuri.

Amma kada a kawo kati kawai, a kawo darasi da gwaji. A Ingila tun 1990 ba a barin sabon mai koyo ya hau titi da babur sai ya yi horo na tilas wanda yawanci yini ɗaya ne, sannan daga baya ya zauna jarrabawar ƙa'idoji, ya yi gwaji a fili, ya yi wani a kan titi mai gwadawa yana bin sa a baya. Ba sai mun kwaso tsarinsu duka ba, yinin nan ɗaya shi ne abin ɗauka. Da safe a zauna a inuwa a yi bayani da Hausa: alamomin hanya, wa ke da hakkin wucewa a mararraba, inda direban tirela ba ya gani, abin da za a yi wa wanda ya faɗi kafin a kai shi asibiti. Tambayoyi a yi su da baki, a nuna hoto a ce mene ne wannan, don rashin boko bai hana mutum sanin hanya ba. Da rana a fita fili. Kayan aikin ba su wuce tsofaffin jarkoki goma da toka ta ja layi ba. Mutum ya ratsa tsakanin jarkoki a hankali bai sa ƙafa ƙasa ba. Ya taho da gudu, a ɗaga masa hannu, ya tsaya kafin layi da birki biyu. Ya waiwaya kafin ya sha kwana. Ya yi duk wannan da goyo a baya, tunda haka zai yi aiki. A duba babur ɗin kansa: birki, fitila, madubi, taya.

Kuma dole a riƙa faɗuwa. Jarrabawar da kowa ke ci ba jarrabawa ba ce. Wanda ya kasa a ce ya je ya gyara ya dawo zagaye na gaba ba tare da sabon biya ba. Ranar da aka kayar da wani gwanin tasha a gaban abokansa saboda ya kasa tsayawa kafin layin toka, a ranar maganar birkin gaba za ta canza a garin, fiye da yadda shekara goma ta sanarwar rediyo za ta canza ta.

Na san abin da za a ce, kuma da gaskiyar masu faɗa: wannan wata sabuwar ƙofar tatsa ce za a buɗe wa talaka. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa sharaɗi biyu suka zama dole. Kuɗin a rubuta shi ɓaro-ɓaro a allo a wurin, a biya ta banki ko wurin mai POS, kada naira ɗaya ta shiga hannun mai gwadawa. Sannan kada a tambayi kowa lasisi a shingen wata gunduma sai tawagar ta zo gundumar sau biyu ko uku. Shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu su zauna a wurin a matsayin shaidu. Suna karɓar kuɗin tikiti kullum a tasha, lokaci ya yi da mambobinsu za su ga abin da tikitin ke saya musu. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa yana yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, da riga mai lamba, kuma ta hanyar ƙungiyoyinsu aka bi aka kai ga haka. Su ma ba masu kuɗi ba ne. Ko ta fuskar tsaro, gundumar da ta san masu baburanta da suna da lamba ta fi wadda ke kallon kowane mai babur da zargi.

'Yan siyasa ma suna da saƙo a nan. Duk kakar zaɓe ana jera sababbin babura a fili, a kira 'yan jarida, a miƙa makullai da sunan tallafi. Wanda ya iya sayen babur ɗari ya iya sayen hula ɗari biyu, ya kuma iya biyan kuɗin horo da lasisin waɗanda zai ba. A sa ya zama sharaɗi: sai ka ci gwaji za a miƙa maka makulli. Hular kuma a nemo mai ramukan shan iska, domin wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar Sakkwato ya san dalilin da ke sa a rataye ta a madubi, idan akwai madubin.

Sauran laifin namu ne, iyaye. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sai ya karkata babur, ya goyo ƙannensa biyu zuwa Islamiyya, uban yana zaune a ƙofar gida yana jin daɗi. Ka yi magana a ce maka, "Haba Malam, wanga yaro ya hi ni iyawa." Wataƙila ya fi shi iya sarrafa kuloci. Amma yaro ba ya iya auna gudun motar da ke tahowa, ba ya kuma jin tsoron abin da ya kamata a ji tsoro. Haka ranar kai amarya, samari suna tashi tsaye a kan babur, suna sakin hannu, suna jan salansa a kwalta tana tartsatsi, manya suna kallo. Idan abin ya faru sai a ce kwana ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, babu mai musun wannan, amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma rai amana ne, naka da na wanda ka goya. Huɗuba ɗaya a kan wannan a masallatan Juma'a na Tambuwal da Kebbe za ta isa inda jami'in hanya ba zai taɓa isa ba.

Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da hakimai su ne za su iya rubuta wa Sakkwato su nemi a gwada wannan, ko da a gunduma ɗaya ce tukuna. Idan za a yi, a yi shi da kaka, bayan an kai gero da dawa rumbu. A lokacin ne kuɗi ke hannun mutane, hanyoyi sun bushe, samari kuma ba su riga sun ɗaure jaka sun nufi kudu ba. Wanda aka bari ya wuce watan Disamba ba za a sake ganinsa ba sai ruwa ya sauka, kuma watanni shidan da ke tsakani a kan titin wani gari zai yi su.